Aisin Da Na Zaɓo Kamar Kifi

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai ƙanena Ummaru makwancinsa a Yelwa, amma sai watan jiya na gano abin da ya yi mini. Har yanzu bakina bai rufu ba.

Ummaru mai gyaran rediyo ne. Ni kuwa dillalin kifi, karatuna ya tsaya a aji huɗu, sai dai ina ɗaukar kaina rabin injiniya saboda nakan riƙe masa tocila. Lokacin da jihar Kebbi take sabuwa fil, mata masu kifi na bakin ruwa suka haɗa kai suka sayi babban firiza. Ummaru ya haɗa musu ɗan akwatin da ke kunna injin yana kashe shi. A ciki akwai rile, makunnin nan mai ƙas-ƙas da kansa, sai aisi, ɗan baƙin abu kamar ƙwaro mai ƙafafu, wanda ke ba rile umarni.

Ya aike ni Kano da lambar aisin a takarda. Ya ce, "Yaya, wagga za ka sawo. Tana da kariya cikinta. In waya ta haɗe ko zafi ya yi yawa, kashe kanta takai kahin komi shi ƙone."

A shago aka nuna mini ita, 'yar firit. Kusa da ita ga wata ƙatuwa mai ƙafafu rututu. Jama'a, tun ina saurayi nake zaɓen kifi, ban taɓa barin giwan ruwa na ɗauki warangi ba. Na auna su a tafin hannu, na ɗauko mai nauyi. Ummaru ya jujjuya ta, ya dube ni, ya ce, "Madalla, Yaya." Washegari ya ce zai je Shanga gaida Inna. Kwana uku ya yi.

Da tafkin bakin garinmu ya cika a shekarar, ruwa ya shiga ɗakin firiza, wayoyi suka haɗe. Akwati ya kashe kansa. Inji bai ƙone ba, kifin mata ya tsira. Daga ranar babu majalisar da ban ba da labarin idona na zaɓen kaya ba. Har a zaman makokinsa na bayar, Allah ya yafe mini.

Watan jiya akwatin ya gaji. 'Yar Ummaru, Hajara, wadda ta gaji sana'ar, ta kwance shi a gaban matan, ta ce, "Baba, zo ka ga ƙatuwarka."

Ga ta nan naɗe a leda, manne a bayan murfi, ƙafafunta ba su taɓa ganin dalmar haɗi ba. 'Yar firit ɗin ce ke aiki. A jikin ledar akwai takarda da ajamin Ummaru: "Ta Yaya ce. Ba ta da kariya. Kada a sa ta, kada a hwaɗa mai."

Sai na nemi wuri na zauna. Ashe ba Shanga ya je ba, Kano ya tafi. Inna ta taɓa cewa ba ta gan shi ba, na ce tsufa ne. Hajara ta ce da tawa aka sa, da har rufin ɗakin sai ya ci wuta, da mata a ciki.

Yau mutane kan zaɓi kaya daga hoto a waya. Da Ummaru na nan, tambayarsa ɗaya ce: in abu ya ɓaci, me kayan ke yi? Shi kansa haka aka ƙera shi. Ya tsare injin, ya tsare mutuncin wansa, bai yi ko ƙas ba. Allah ya jiƙansa.

Hajara ta rubuta lambar sabuwar aisi, na miƙa hannu. Ta linke takardar, ta sa a jakarta, ta ce, "Baba, huta. Shanga za ni."