Neman Jarfar Inna Delu a Babban Mutum

Laraba: Daura zuwa Baure

Na fito gida ƙarfe biyar da rabi na asuba, kwana tara bayan rasuwar Inna, mahaifiyata. Saƙo ta bar mini: in nemo ƙanwarta Delu, wadda suka shekara talatin ba su gaisa ba, in ce mata Inna ta yafe, ita ma Delu ta yafe mata. Abin da ya raba su ba nawa ba ne, ba zan rubuta shi ba. Ban taɓa ganin Delu ba. Inna ta ce tana wajen garin Babban Mutum, kuma zan gane ta da jarfa, layi uku sirara daga leɓe zuwa haɓa, irin nata, don rana ɗaya aka yi musu.

Bas ɗin bai cika ba sai bakwai saura kwata. Shekara biyu ke nan da fara shari'ar Musulunci a jiharmu, mata a baya muke zama. A Sandamu muka tsaya minti ashirin ana ɗaure buhunan gero. Na sayi ƙosan naira ashirin, na kasa ci. Taya ta yi faci sau biyu. Direba ya ce in yi haƙuri, Hajiya, hanyar ce ta tsufa, ba motarsa ba. Mun isa Baure sha ɗaya da rabi, bayana kamar an daka.

Baure zuwa Babban Mutum

Daga nan akori-kura na hau, ni da awaki huɗu. A shingen kusa da iyaka jami'i ya tambayi inda za ni. Da na ce saƙon mamaciya na ɗauko, ya yi mini gaisuwa ya ɗaga mana hannu. Ƙarfe biyu muka sauka.

Na shiga gida bakwai. Ba wanda ya san wata Delu, domin a nan da sunan ɗa ake kiran mace. Ga shi kuma kowa hijabinta ya rufe haɓa. Na zama mai leƙen fuskar tsofaffi, har wata ta ce ko miji nake nema musu. Wajen la'asar aka kai ni gidan Uwar Sale mai fura, wai ta san tsofaffin gari. Da ta sassauta hijabi na duba haɓarta: tabon ƙuna ne, fari, ba layi ko ɗaya. Na faɗa mata wadda nake nema da inda na fito. Ta daɗe tana dama fura, sannan ta ce in kwana, gobe a bincika. Tuwon gero da miyar kuka ta ba ni. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma gajiya ta hana ni.

Alhamis

Da asuba muna alwala ta naɗe hannun riga. A damtsenta na ga ɗan zane kamar tsani, siriri kamar zare. Na san shi. Na gan shi a hannun Inna ranar da muka yi mata wanka, sai dai nata ya baje ya dushe.

Na ce, "Inna Delu."

Ta ajiye buta. Ta ce, "Yaushe ne?"

Ashe tun jiya ta gane Inna ta rasu, da ta ga ni kaɗai na zo. Ta ce da aka yawaita wa'azi cewa jarfa haramun ce, kanwa da toka ta dinga gogawa a haɓa har ta ƙone. Daga baya wani malami ya ce mata abin da aka yi wa yaro ba laifinsa ba ne. Na hannu kuwa ta kasa taɓa shi.

Ta ba ni labarin ranar. Wata Bafulatana ce ta yi musu, da allura uku ɗaure da zare, da baƙin tukunya. Aka ce kada ruwa ya taɓa kwana uku, kada a sosa, a riƙa shafa man shanu. Inna, 'yar shekara goma sha ɗaya, ita ta riƙa shafa mata, tana hura mata iska, in za su kwanta ta ɗaure mata hannu da ɗankwali don kada ta sosa.

"Shi ya sa nawa ya fito siriri," in ji ta. "Nata ba wanda ya kula da shi."

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta rufe damtsen da tafinta. Ta ce, "Na yafe. Tun tuni. Ƙafa ce ta yi mini nauyi."

Komawa

Na bar garin ƙarfe tara, da ƙwaryar fura a cinya. Motar Baure ta wuce Sandamu ba tsayawa, na sauka Daura ana kiran azahar. Ban shiga ɗakina ba sai da na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na faɗi amsar a hankali.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da matan da suka bar baƙuwa ta leƙa fuskarsu. Allah ya jiƙan Inna.