Sabulun Inna a Cikin Injin Baba

Da motar Baba ta fara kuka, kowa a unguwarmu ya ce fambel ne ya tsufa, wato bel ɗin nan da ke juya kayan inji. Ba shi ba ne. Da aka sa sabo kukan bai daina ba, sai aka koma cewa mijin Yaya ya cuci surukinsa, ya sa masa ruɓaɓɓen kaya. Wannan ma babu wanda ya buɗe bonet ya duba kafin ya faɗa. Ni na duba, kuma abin da na gani ya fi duk zancensu ban haushi.

Baba yana da tsohuwar mota da yake ɗaukar hatsi da fasinja, daga Faskari zuwa kasuwar 'Yankara, wata rana Ƙanƙara, wata rana Sabuwa. A daminar da nake magana batir ɗinta ya daina riƙe wuta, kullum da safe sai an tura. A lokacin Yaya, wadda ita ce 'yar farin gidanmu, ta dawo gida da tsohon ciki don ta haihu a gaban Inna. Malamar asibiti ta auna ta, ta ce jininta na hawa, ranar da naƙuda ta taso kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a wuce da ita babban asibiti a Funtuwa. Ba mu da wata motar sai wannan. Hanyar kuwa duk wanda ya san ta ya san ba wurin da mutum zai so ya tsaya yana leƙen inji ba ne.

Mijin Yaya makanike ne, garejinsa na bakin titi a 'Yankara. Da ya ji ana tura motar surukinsa, shi da kansa ya zo ya tafi da ita. Ya ce altaneta ce ta mutu, wato abin da ke cajin batir in mota na tafiya. Ya samo wata ta hannu ya sa, ya wanke motar, ya dawo da ita. Ya durƙusa a zaure ya ajiye makulli gaban Baba, ya ƙi ko a yi zancen biya. Baba ya sa masa albarka yana kallon bango, shi kuma yana amsawa yana kallon tabarma. Haka suke tun da aka yi auren. Ban taɓa ganin idonsu ya haɗu ba.

Ni dai ba ruwana da wannan, ƙanwar matarsa ce ni, tsakaninmu sai wasa. Na tare shi a ƙofar gida na ce, "Oga, ka tabbata ba ta injin ban ruwa ka ciro ka liƙa mana ba?"

Ya ce, "Ke amarya, da bakinki na caji da ba a sayi komai ba. Da waya kawai zan ja daga nan zuwa batir."

Washegari da Baba ya tayar da motar, sai ta ƙwalla wani ƙara, tsiiiii, kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo. Awaki suka watse. In ya kunna fitila ƙaran ya ƙaru, in ya murɗa sitiyari ya ƙaru.

Inna ta ce sabon abu ne, ko takalmi sai ya yi kuka kafin ya saba da ƙafa. Na ce, "Inna, na hannu ne fa, ya daɗe da sabawa." Ta harare ni. Maƙwabta suka ce fambel ne, Baba ya sayo sabo a Ƙanƙara aka sa masa a can. Kukan na nan. Wani ya ce a ƙara ɗaure shi, Baba ya bari sai ranar da ya je Sabuwa ya sa aka ɗaure. Nan na fara zargi. Mutum yana da makanike a cikin dangi, garejinsa a kan hanyar da yake bi duk mako, me ya sa yake yawo da motar garuruwan da labari ba zai kai 'Yankara ba?

Sai kuma wata safiya motar ta tashi shiru. Inna ta ce, "To, uwar gardama, kin ji ko? Ta saba." Da la'asar da Baba ya dawo, tun daga kwanar masallaci na jiyo ta tana ihu. Kashegari ma haka, ta fita shiru ta dawo da kuka. Ƙarfe ba ya warkewa da barci. Na san akwai hannun mutum a ciki.

A kwanakin ne sabulun wankin Inna ya fara ƙarewa da wuri. Ni aka fara tuhuma, wai ina barinsa cikin ruwa. Ni kuma na tuhumi Yaya, don na ga masu ciki suna cin abin da ya fi sabulu. Na ce, "Yaya, faɗa min gaskiya, gutsura kike yi?" Ta jefe ni da matashi, ta ce in ta haihu za ta zauna a kaina. Da na ɗauki sabulun na duba da kyau, sai na ga gefe ɗaya ya yi layi-layi kamar an ja shi a kan matsefi, ga baƙi-baƙi a cikin layin. Haƙori ba ya yin haka.

Da aka idar da sallar asuba na ƙi komawa ɗaki, na tsaya bayan ƙyauren zaure. Baba ya dawo daga masallaci, ya waiga hagu da dama, ya ɗaga bonet a hankali. Ya zaro sabulun daga aljihun jallabiyarsa ya shiga goga wa fambel.

Na fito na ce, "Baba, ina kwana. Wanka ake mata?"

Ya zabura har ya buge kai da bonet. "Ke! Wa ya aiko ki?"

"Inna ta ce ni ke narkar mata da sabulu."

"Koma ciki. Wannan ba maganar mata ba ce."

Ban koma ba. Ni ke riƙe da injin markaɗen Inna tun da na gama sakandare, kuma shi ma da bel yake aiki. Na san kukan bel in ya saki, na san kukansa in injin ya goce daga kan katakonsa. Na roƙi Baba ya bar ni in leƙa, ya yi tsaki ya matsa.

Abin da na fara gani baƙin gari ne, kamar an daka gawayi, ya taru a gefe ɗaya na fulin altanetar, wato 'yar ƙafar nan da fambel ke zagayawa a kanta. Sauran fulayen babu ko ɗigo. Fambel ɗin da aka sayo kwanan nan har gefensa ya fara tsiro da zare, gefe ɗaya kawai. Na goge sabulun da tsumma, na ce ya tayar. Ta fara ihu. Na ɗauki butarsa na tsiyaya ruwa a kan fambel ɗin, ya yi tsit, can kaɗan kukan ya dawo. A injin markaɗe, bel ɗin da ya saki in ruwa ya taɓa shi ƙara haukacewa yake yi. Wanda ya yi shiru, karkata ce ke damunsa.

Na sa ya kashe. Na shiga ciki na ɗauko zaren ɗinkin Yaya, na miƙe shi daga fuskar babban fulin inji zuwa na altaneta. Bai zauna daidai ba. Fulin altanetar ya leƙo waje, bai kai kaurin fensir ba, amma ya leƙo. Fambel ɗin a karkace yake gudu, yana cin gefensa kullum.

Na ce, "Baba, wannan tsinkewa zai yi. Ba yau ba wataƙila, amma zai tsinke. Kuma ɗaurin da aka ƙara a Sabuwa sauri ya ƙara mashi."

Ya daɗe yana kallon zaren. Sannan ya ce, "Na ga garin nan tun tuni."

Wannan ce ta fi ƙona min rai. Ashe ya sani.

"To me ya hana ka mayar mashi?"

"In mayar in ce me? Yaro ya bar aikinshi, ya yi min kyauta, ya zo ya durƙusa. In tahi garejinshi a gaban mutane in ce aikinka bai yi ba? Da wane baki?"

"To a kai wa wani."

"Garin nan wane makanike ne bai san shi ba? Kahin in iso gida an kai mashi labari surukinshi ya raina hannunshi." Ya rufe bonet. "Bari yarinyar nan ta sauka lahiya, sai a san yadda za a yi."

Baba ba ya faɗin sunan Yaya, 'yar fari ce. Na ce, "Baba, yarinyar nan a cikin me za ta tafi saukar?"

Ya ce kada in kuskura Yaya ta ji, jininta ba ya son tashin hankali. A nan kaɗai muka yi daidai da shi.

Na gaya wa Inna a madafa, a zatona za ta tashi tsaye. Sai ta ce ita da ko gaisuwarsa daga bayan labule take amsawa, ta yaya za ta aika masa da irin wannan? A bakinta na ji sauran. Wai duk ranar kasuwar 'Yankara, in Baba ya kusa garejin sai ya kashe motar, ya bar ta ta gangara shiru har ta wuce, don kada yaron ya ji kukan ya ji kunya. Fasinja na ɗauka mai yake tattali. Wato shi mai gyaran bai ma taɓa jin ƙaran ba.

Ko kuwa ya ji? Wannan tambayar ta hana ni sakat duk yinin. Mutumin da ya shekara da shekaru yana kwance inji, zai ɗaura abu a karkace bai gani ba? Wataƙila altanetar ta wata irin mota ce, ya ga ta shiga sai ya ce ai shi ke nan. Wataƙila sauri ya yi don ya burge suruki. Wataƙila kuma ya sani sarai, yana can shi ma yana jiran Baba ya fara magana, su biyun kowa na kallon tabarmarsa. Ban yarda da shi ba, ban yarda da Baba ba, Inna ma ina zargin ta san inda sabulunta ke zuwa tun farko.

Da yamma ina markaɗe, Yaya ta fito tana dafa bango, ƙafafunta a kumbure, ta zauna kan turmi tana tambayata ko an sa zannuwan jariri a jakar asibiti. Na ce an sa. Na dube ta, na dubi motar ta ƙofar zaure.

Duk gidan nan ni kaɗai ce aka yarda in faɗa wa mutumin nan magana son raina a ce wasa ne. Shekara biyu ina ɓata wannan damar a kan tsokanar hularsa da tumbinsa. Washegari kasuwar 'Yankara ce. Na naɗe sabulun mai layi-layi da zaren a leda na sa a jaka, na gaya wa Inna zan bi Baba in sayo wa injin markaɗe dutse. Na ƙudurta in zauna a gaba. In Baba ya kai hannu zai kashe motar a gangaren gareji, zan leƙa ta taga in ƙwalla wa Oga kira da ƙarfin da duk 'yan kasuwa za su waiwayo, in ce amaryarsa ta kawo masa tsaraba, ya fito da sifanarsa.