Gernot, Wanda Ya Mai da Kansa Bahago

Gernot Haberkorn ba bahago aka haife shi ba. Da dama yake cin abinci, da dama yake buga ƙusa a rufin gidajen mutane, sana'ar da ya gada wajen ubansa a garinmu na bakin kogin Main. Yana da shekara talatin da shida ya mai da kansa bahago da gangan, saboda wani littafi.

A gidan ajiyar tsofaffin takardu ya gan shi, ranar da aka kira shi gyaran yoyo. Na wani gwanin takobi ne ɗan garin, wanda ya rasu shekara ɗari biyar da suka wuce. Ruwa ya ci rabin rubutun, amma hotunan suna nan garau: maza biyu-biyu suna sara da karewa, kowa da takobi a hagu.

Gernot bai yi karatu mai zurfi ba, mu abokansa ma haka. Abin da ido ya gani shi ya ɗauka. Ya ce gwanin nan bahago ne, kuma sirrinsa ke nan, don mai dama bai saba karɓar sara ta wannan gefen ba. Ya sayi takobi marar kaifi, ya ɗaure hannun damansa a ƙugu da igiya, ya shiga lambu. Shekara biyu yana saran iska. Matarsa Hiltrud takan leƙo ta taga ta ce, "Maigida, in ka gama kashe iskar, ga miyar dankali tana hucewa."

Daga baya muka taru a kansa, Talata da Juma'a da yamma, a zauren wasanni na makarantar yara. Har muka kai arba'in. Duk wanda ya zo sabo, Gernot zai ɗora masa hular waya mai kare fuska da hannunsa, ya ce, "Ɓoye min hannun daman nan, bai san komai ba." Bai taɓa yi wa kowa tsawa ba. Sau biyu aka yi masa aiki a kafaɗar hagu, sau biyu ya dawo kafin likita ya yarda. Ƙungiyoyin wasu garuruwa suna kiranmu Bahagwan Main, mu kuwa muna jin daɗin sunan.

Da ya cika shekara ashirin da biyar da fara abin, ya so a buga hotunan manya-manya a rataya a zaure ranar biki. A lokacin likita ya riga ya gaya masa mugun ciwon da ke cikin huhunsa, kuma ya san ba zai ga wani bikin ba. Ya kai hotunan wajen Irmtraud, yayar matarsa, wadda ta yi shekara arba'in tana aiki a gidan buga littattafai. Ta baza su kan tebur, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Gernot, wai mutanen garin nan duk bahagwai ne a da?"

"Masu takobi dai, Yaya. Ke me kika sani a harkar nan ban da wuƙar yanka burodi?"

"To limamin cocin nan da ke sa musu albarka fa? Shi ma ɗalibin gwanin naka ne? Da hagu yake yi." Ta ɗora yatsa a kusurwar hoton. "Ga gadarmu. In ka tsaya a kanta kana fuskantar kasuwa, ta ina coci yake?"

"Ta dama."

"A nan fa?"

Gernot ya sunkuya kan hoton. Ya sha ganin cocin nan a hagu, ya ɗauka sakacin mai zane ne.

Irmtraud ta sassauta murya. Ta ce a da a jikin katako ake sassaƙa hoto, a shafa tawada, a danna a takarda kamar hatimi, sai dama ta koma hagu. Masassaƙi mai kula yakan juya zanen tun kafin ya fara. Wannan bai juya ba. Ta ɗauko madubi ta tsayar a gefen takardar. A cikin madubin coci ya koma wurinsa, kuma kowane namiji yana riƙe da takobi a dama.

A gida Hiltrud ta roƙe shi ya yi shiru. "Saran ai ɗaya ne, juyawa kawai ya yi. Wa zai sani? Yaya ba za ta faɗa ba. Ka bar mutanen nan su riƙe ka yadda suka san ka."

Ya ce, "Ba don in ci kowa na fara ba, Hiltrud. So nake in tsaya yadda mutumin nan ya tsaya. Na ce musu haka ya yi, kuma ba haka ya yi ba."

Ranar bikin, Asabar da la'asar, an jera giya da burodin gishiri. Gernot ya shigo da madubi a hammata. Ya jingina shi jikin hoton farko, ya yi bayani a taƙaice, muryarsa na sarƙewa da tari. Sai Volkmar mahauci, wanda ya fi kowa daɗewa tare da shi, ya ce, "Tsoho, kana nufin shekara goma sha tara ina zubar da gahawa a wando don in saba da hagu, ashe laifin wani malalacin kafinta ne?"

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Gernot ya ce, "Laifina ne. Ku yafe min."

Talatar da ta biyo, mutum goma sha ɗaya ba su zo ba. Ba fushi suka yi ba, kunya ce, don labari ya riga ya kai sauran garuruwa. Gernot ya zo. Bai tsaya a gaba inda ya saba ba. Ya wuce layin sababbi, ya mai da takobi hannun dama, ya ce Volkmar ya ja darasi.

Ganin abin yana da ciwo. Hannun da ya buga ƙusa shekara arba'in bai san ta inda sara ke fita ba. Takobin sai rawa yake, ƙafa tana zuwa inda ta saba, hagun kuma tana zabura da kanta kamar za ta ƙwace. Yakan yi sara uku ya zauna ya nemi numfashi, ya sake tashi. In muka ce ya huta, sai ya ce, "Ku rabu da ni, na makara."

Wata huɗu ya yi a haka, yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya ta cikin madubi. Zuwansa na ƙarshe, dusar ƙanƙara na zuba, Hiltrud ce ta riƙo shi har ƙofa. Volkmar na kawo sara, ya gwada karewar da ke hoto na bakwai, ta kuɓuce masa. Ya sake, ta kuɓuce. A karo na uku ƙarfen Volkmar ya zame ta kan nasa ya wuce gefe, daidai yadda aka zana.

Ya cire hula, fuskarsa jiƙe da gumi. "Ka gani? Ko sassauta min ka yi, ɗan mahauta?"

"Ban sassauta ba, tsoho."

Gernot ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa masa takobin ya ce a ajiye masa, Juma'a zai shiga na takwas. Ranar Alhamis aka kwantar da shi a asibiti, bai sake fitowa ba.