Abin da na sani game da motar Baba Lawal

Yau Laraba, ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe, ina tsugune a ƙofar gidanmu a Kankiya ina goge babur, Sa'idu direba ya kira ni.

Bai yi sallama ba. Ya ce, "Baba Lawal ya rasu. Kan hanyar Kusada. Ga ni a wajen."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sau biyu ina goge abin da na rubuta.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Lawal bakanike ne, abokin mahaifina tun suna yara. Shi ne mai farar bas ɗin nan mai amfani da gas, wadda ake kira in mota ta mutu a hanya tsakanin Kankiya da Kusada ta je ta janyo ta. Shi ya sa ake ce masa Lawal Janwe. Sa'idu shi ne direban da ke tuƙa masa ita.

Ban so na yi dogon rubutu yau ba. Amma tun kafin a kawo gawarsa gida, wani ya rubuta a zauren wayar unguwarmu cewa Baba ya san motarsa ba ta da lafiya, ya fita da ita, ya jawo wa kansa da wani bawan Allah. Wasu sun fara turawa gaba. 'Ya'yansa suna cikin wannan zauren. Babbar 'yarsa ta karanta.

Ni ina wurin gyaran motar daga farko har ƙarshe. Zan faɗi abin da na gani da idona, da abin da aka faɗa mini, kuma zan raba su.

Da na gama makaranta na dawo gida ina jiran kiran bautar ƙasa, ba ni da wurin zuwa. Baba ya same ni a zaune a dakalin ƙofar gida, ya tsaya da bas ɗin, ya leƙo ta taga.

"Injiniya, mi ka ke gadi nan? Dakalin ba ya guduwa. Shigo."

Haka na fara zuwa garejinsa. Ya ware mini benci da tsumma da sabulu nawa. In an kawo fura, sai ya tura mini kwanon tukuna, ya ce masu karatu cikinsu ya fi saurin ƙugi.

Ina da ƙaramar na'urar da ake jona wa mota ta nuna inda ciwo yake. Ranar da na fara fito da ita an yi mini dariya a gareji. Baba bai yi ba. Ya jawo kujera kusa da ni ya ce na karanta masa da Hausa. Daga ranar, kullum da safe tambayarsa ɗaya ce: "Na'urarka ta tashi lahiya?"

To, ga zancen motar.

Makon jiya Sa'idu ya dawo da ƙorafi. In bas ɗin ba ta ja komai, lafiya lau take tafiya. Da an ɗaura mata mota a baya, aka zo ɗan hawa, sai ta yi sanyi. Ya taka totur har ƙasa, ba ta amsawa, sai baƙin hayaƙi.

Shekaranjiya muka ɗaga kujerar gaba, domin a ƙarƙashinta injin yake. Mun fara da filtar iska. Ta yi datti, muka canza. Muka kwance filtar gas, muka sami ruwa da laka a gindinta. Ita ma muka sa sabuwa. Sa'idu ya zaga da motar ya dawo ya ce ta ɗan farfaɗo, amma hayaƙin yana nan.

Na jona na'ura. Ta nuna iskar da ke shiga inji ba ta kai yadda ya kamata ba. Turbo shi ne ke cusa wa inji iska da ƙarfi. In iskar ta ragu, gas ba ya ƙonewa duka, hayaƙi ya yi baƙi, ƙarfi ya faɗi.

Nan take masu kallo suka yanke hukunci: turbo ya mutu, a cire a sa wani.

Baba ya ce na sa hannu na taɓa fankar turbo ɗin, injin a kashe. Na taɓa. Ba ta girgiza, ba ta gogar jiki, tana juyawa sumul. Na faɗa masa.

Ya ce, "To ashe yana turo iskar. Wani waje take zurarewa kafin ta isa. Na'urarka ta hwaɗi rabi, mu nemo rabin."

Jiya da hantsi muka nemo. Ya sa Sa'idu ya riƙa taka totur, shi ya kwanta a ƙasan motar yana saurare, ni ina bin tiyon iskar da ruwan sabulu. Ya ce yana jin huci ta ɓangaren hagu. Na bi hagu. A ƙasan babban tiyon, inda ido ba ya kaiwa, akwai danshin baƙin mai. Na shafa ruwan sabulu, Sa'idu ya taka, kumfa ta tashi. Tsaga ce ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. In inji yana kwance sai ta rufe bakinta, in an matsa masa sai ta buɗe.

Sa'idu ya ce a naɗe ta da robar taya, a ci gaba da aiki.

Baba ya fito daga ƙasan motar yana karkaɗe riga. "Roba? Kai in kanka ya tsage, roba za mu ɗaura maka?"

"Ai Baba kaina ya fi tiyo ƙwari."

"Shi ya sa magana ba ta shiga."

Aka yi dariya. Baba ya aika aka kawo sabon tiyo daga Katsina, ya iso bayan azahar. Baba ya zura shi. Ni na ɗaure zoben ƙarfen da ke matse bakinsa, na sama da na ƙasa. Shi ya bi bayana da hannu ya jijjiga, ya ce ya yi.

Muka fita da ita babu kaya. Hayaƙin ya ɗauke. Hucin ya ɗauke. Na'ura ta nuna iska ta dawo daidai. Ina cikin motar, na gani.

Saura abu ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Baba yana da ƙa'ida da duk Kankiya ta sani. Ba ya cewa ya gama gyaran motar ja sai ya gwada ta da kaya. A bayan garejinsa akwai wata tsohuwar a-kori-kura da injinta ya mutu tuntuni, an cika ta da buhunan yashi. Hajiya yake ce mata. Duk gyaran da aka yi wa bas ɗin, sai an ɗauro Hajiya an hau da ita hawan da ke bayan gada an dawo. Yakan ce sai Hajiya ta amince.

Jiya da muka je ɗauro ta, tayarta ɗaya ta baya ta sace. Mai faci ya riga ya tashi. Magariba ta kusa, kuma Baba ba ya jan mota in rana ta faɗi.

Ba a yi gwajin kaya ba. Wannan gaskiya ne.

Muna wanke hannu a bokiti ɗaya, na ce masa ni dai hankalina bai kwanta ba. Na tambaye shi ko na sake duba zoben ƙasa.

Ya dube ni yana murmushi. "Sau nawa ka duba?"

Na ce sau uku.

"To na huɗun na gobe ne. Tahi gida ka ci tuwo. Ka zo da wuri, mu kai Hajiya yawo."

Ya karɓi makullin daga hannun Sa'idu ya sa a aljihunsa. Ya ce ba mai fita da ita sai an gwada.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Yana tsaye yana goge hannu da gefen tsummana, don nasa ya ɓace kamar kullum.

Daga nan, abin da zan faɗa daga bakin Sa'idu na ji shi.

Bayan sallar asuba aka kira Baba. Malam Hadi ne, direban wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan gero daga garin Ƙofa. Ta mutu masa a kan kwana, rabinta a kan titi, an tura ta ƙi motsi saboda nauyi. Gari na wayewa, motoci da babura za su fara zuba.

Sa'idu ya sami Baba a gareji ya miƙa hannu. "Baba, ba ni makulli."

"Mi za ka yi da shi?"

"Aikina ne."

"Ba a gwada ta ba. Ban sa ka cikin motar da ban gwada ba. In za ta ba da kunya, ni ta ba."

Sa'idu ya ce to a bari har a yi facin tayar Hajiya.

"Wanga mutum yana kan kwana da kaya. Kafin mai faci ya buɗe, wani ya hau kansa. Ka sha kokonka ka biyo ni da babur."

Sa'idu ya sha kokon. Ya bi shi.

Abin da ya tarar: an riga an ɗauro a-kori-kurar, an baro kwanar, an taho wajen Kankiya. Motocin biyu suna tsaye a kan wani ɗan hawa. Wata tifa ta zo ta baya ta daki a-kori-kurar, ta tura ta kan bas ɗin. Baba yana tsakaninsu, wajen ƙarfen ja da ya haɗa motocin biyu.

Malam Hadi yana cikin tasa motar a kan sitiyari. An kai shi asibiti. Har lokacin da nake wannan rubutu bai farfaɗo ba. Shi kaɗai ya san abin da ya sa suka tsaya.

Na tambayi Sa'idu, kujerar gaban bas ɗin a ɗage take ko a rufe? Domin in a ɗage take, Baba ya tsaya ne yana duba inji, ƙarfin ya sake faɗuwa ke nan. In a rufe take, wataƙila ƙarfen ja ya sauka dubawa, injin ba shi da laifi.

Ya ce, "Haba! Kujera zan duba? Baba na ƙasa!"

Gaskiyarsa. Na ba shi haƙuri.

Ku da kuke cewa ya san ba ta da lafiya: ya san ba a gwada ta da kaya ba. Bai san tana da sauran ciwo ba, ni ma ban sani ba, har yanzu ba wanda ya sani. Mutumin da ya ƙi ɗaurin roba, ya ƙi bai wa direbansa makulli, ya shiga da kansa don kada wani ya afka wa mota a kwana, ban ga yadda za a kira shi mai ganganci ba.

Na je gidan Baba. Yayansa, Kawu Ummaru, yana zaure yana karɓar gaisuwa. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Kai ka yi aikin da shi?"

Na ce ni ne, Kawu.

"To kai za ka duba. Abin da ka gani, shi za ka hwaɗa mana. Ko mai daɗi ko marar daɗi."

Na ce to.

Za a yi jana'iza bayan sallar azahar a ƙofar gidansa. Daga maƙabarta, in jami'an da ke wurin sun ba da izini, zan wuce inda motar take tare da manyan makanikai biyu da ba daga garejinmu suke ba. Su za su fara sa hannu, ni na tsaya. In zoben da na ɗaure ne ya saki, a nan zan rubuta, da sunana.

Roƙona ga mutanen Kusada da Ƙofa da ke kusa da wurin: don Allah kada kowa ya taɓa kujerar gaba, kada a tayar da injin, kada a ja wani tiyo don a gani. A bar ta yadda take.

Ga abin da ba a sani ba:

Ko bas ɗin ce ta rasa ƙarfi a hawan, ko Baba ne ya tsayar da ita da kansa.

Ko injin yana aiki lokacin da tifar ta zo.

Ko sabon tiyon yana nan a ɗaure.

Ko Baba ya samu ya zuba ganye a titi don gargaɗi. Sa'idu ya ga karyayyun rassa a gefe, bai san ko an shimfiɗa su ba.

Me direban tifar ya gani, kuma da wane gudu ya zo.

Ko Malam Hadi zai tashi ya faɗa mana.

Duk wanda bai san amsar waɗannan ba, ya riƙe bakinsa da yatsansa. Wanda ya tura waccan magana, ya goge kafin azahar, kafin 'ya'yan Baba su ɗauki mahaifinsu.

Allah Ka gafarta wa Baba Lawal, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka karɓi fitarsa ta safiyar yau a matsayin taimakon da ya yi niyya. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ka tashi kafaɗar Malam Hadi. Ka ba ni ƙarfin faɗin abin da zan gani.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, su biyun.