Shafe na Goma Sha Ɗaya

Duk garin Risør na bakin teku babu wanda ya kai Eilif iya shafa banish, man nan mai sa katako sheƙi, kuma babu wanda ya kai shi faɗin hakan da bakinsa. Shekara talatin yana rabon wasiƙu. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohon jirgin ruwa na katako, ya ja shi cikin rumfa, ya yi wa matarsa Gunvor alkawarin zai kai ta tsibirin da aka haife ta. Tsibirin ya zama kufai, jirgin haya ba ya zuwa, can kuma kabarin uwarta yake.

"Bari dai in gama cikin," in ji shi.

Aikin kam ya iya, ba a hana shi wannan. Shafen farko rabi banish rabi tina, ruwan tsinka shi, don katako ya sha ya ƙoshi. Na biyu a rage tina, na uku a ƙara ragewa, tsakanin kowanne a bi da samfefa. Da tsohuwar safar Gunvor yake tace man. Yakan yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Safar ta shiga jirgin sau ɗari, mai safar kuwa ko sau ɗaya, wai rigar sanyinta tana zubar da gashi.

Shekara tara ana abu ɗaya. In ya gama sai ya hango wani ɗan ƙwaro ya maƙale a kusurwa, ya kankare bangon jirgin guda.

Maƙwabcinsa Oddvar, masunci, yakan leƙo. "Mutumina, jirgi ne wannan ko madubin amarya? Ka sa shi a ruwa mana, katako na bushewa."

"Mai ƙarnin kifi ne zai koya mini katako?"

A shekara ta tara likita ya ce idon Gunvor na tafiya, da wuya ya kai hunturu. Ta faɗa wa mijin suna cin burodi da kifi.

"Maigida, so nake in ga wurin nan da idona."

"Saura shafe biyu, Gunvor. Ba a gaggawa da banish."

Ya yi biyun, ya ƙara na uku, na goma sha ɗaya ke nan. Ranar saukarwa ya sa farar hula, ya tara mutane. Jirgi ya taɓa ruwa, ruwa ya ce salamu alaikum. Allunan jiki sun bushe sun buɗe baki, har ana hango haske ta tsakaninsu. Shekara tara gogan yana lailayar ciki, bai taɓa zagayawa ya duba waje ba. Kafin a janyo shi ruwa ya kai kujeru. Ni dai ban ji tausayinsa ba.

Washegari Oddvar ya ɗauki Gunvor a kwale-kwalensa mai ƙarni zuwa tsibirin, ta zauna a kan akwatin kifi da rigar sanyinta. Da yamma ta dawo ta tarar da Eilif a rumfa yana goge cikin jirgin da tsumma.

"Zo ki gani," ya ce, "ko ɗigo bai ratsa banish ɗin ba. Shigo, yau na yarda."

Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Bar shi, Eilif. Ɗan ganin da ya rage mini na kashe shi yau."