Saƙon da Bai Kai ga Saude Ba

A gidanmu da ke bayan Maska, tatsuniya tana da tsari. Da farko a ci tuwo. Sannan a yi sallar isha. Bayan nan kakarmu, Iya Dudu, ta hura wuta da karan auduga, mu zauna, manya a baya, ƙanana a gaba. Ƙanwata Saude ce kaɗai ba ta bin layi. Kurma ce tun haihuwa. A cinyar Iya take zama. In ta ga muna dariya ita ma ta yi.

"Ga wata tatsuniya ta shigo," in ji Iya. "Wanda ya yi gyangyaɗi, gobe shi ke sharar akurki."

Wadda na fi riƙewa ita ce ta bushiya. Dabbobi suka ji ambaliya na tafe, aka ce kowa ya gaya wa maƙwabcinsa. Zomo ya ɗauka kurege ya gaya wa bushiya. Kurege ya ɗauka zomo ya gaya mata. Kowa ya hau tudu, ruwa ya same ta a raminta.

"Ba wanda ya ƙi ta," in ji Iya. "Kowa dai ya bar wa wani."

Saude na da shekara bakwai aka kai Iya asibiti a Funtuwa. Can ta rasu, can aka rufe ta.

Sai da Saude ta kai sha biyar muka sa ta makarantar kurame a Malumfashi, ta koyi maganar hannu. Bayan shekara guda na je duba ta, malamarta ta tsaya mana tafinta. Saude ta motsa hannu, malama ta ce, "Wai Yaya, yaushe Iya za ta dawo daga Funtuwa?"

Na ce ai an yi zaman makoki a gabanta. Saude ta ce ta ga taro, ta ga ana dafa abinci, ta zaci biki ne. Shekara tara ke nan duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta leƙa.

Mu ashirin da wani abu a gida ɗaya. Mun iya nuna mata ci, da wanka, da "zo nan". Ba wanda ya iya nuna mata mutuwa, ba kuma wanda ya lura bai nuna ba. Har yau in na tuna bushiyar nan kunya nake ji, don a wuri ɗaya muka saurare ta. Yanzu duk Juma'a ina zaunar da gidana mu koyi maganar hannu, babba da yaro.

Ranar da na je Malumfashi ɗin nan, malama ta koya mini alamar mutuwa, na yi wa Saude da hannuna. Sannan ta ce, "To Kawu Sale fa? Gwaggo Binta fa?"

Su ma sun daɗe da rasuwa. Na yi mata alamar.