Irin Masakwa da Idon Baba

A shekarar da ciwon yanar ido ya rufe idanun mahaifina, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Jimeta, ina zaune a Damilu. Shi kuwa yana gidanmu na Adarawo a cikin Yola, yana lalube bango kafin ya kai buta. Idon dama ya mutu murus, na hagu yana ganin inuwar mutum amma ba ya tantance fuska. Mutumin da a da yake hango ciyawa ɗaya tak a ƙarshen gona, shi ne ya koma gaida turken akuya. Abin yana ci mini rai, har na rage zuwa gida don kada in gani.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti. Likitar wata mata ce 'yar wajen Numan, mai fara'a, Hausarta irin ta Jimeta, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Baba, idonka zai buɗe in Allah ya yarda," in ji ta. "Aikin ba ya da wahala. Chance mai kyau ne. Amma ba zan ɓoye maka ba, kowane aiki yana da risk kaɗan."

Baba ya juyo inda yake jin numfashina. "Tica, me ta ce?"

Tica yake kirana idan zai yi mini shaƙiyanci. Na gyara zama, yau ga ranar karatuna. Na ce chance dama ce, wato ana kyautata zaton nasara. Risk kuma kasada ce, abu na iya ɓaci. Da bakina ya buɗe har luck na ƙaro masa, wanda ba wanda ya tambaye ni, na ce ita ce sa'a, kuma Turawa sun raba ta da sauran biyun domin ita ba a auna ta.

"To, ita ta tabbatar zan gani?"

"Ba mai tabbatarwa sai Allah, Baba."

"Useko," ya yi wa likita godiya da Fulatanci, ya miƙe, ya nemi sandarsa.

Na san abin da ke ransa. Wani amininsa ya taɓa miƙa idonsa ga mai maganin gargajiya da ke yawo da tsinke, tun daga ranar bai sake ganin rana ba. Baba ya ce ɗan hasken da ya rage masa ya ishe shi sanin fitowar alfijir, da babu gara ba daɗi. Ni kuma ina da saurin fushi, gadonsa na yi. Na sa shi a keke na mayar da shi Yola raina a ɓace.

Damina ta ja baya, lokacin yafa irin masakwa ya zo. Masakwa dawar rani ce. Ana renon irinta a tudu, idan kogin Binuwai ya janye daga karal, wato baƙar ƙasar nan mai laka da yake shanyewa duk shekara, sai a cire a dasa, ta rayu da laimar da kogi ya bari. Tunda Baba ba ya gani, sai ya aiko a kira ni. Na zo ranar Asabar, na auno iri zan yafa duka in huta.

Ya ji ƙarar kwano. "Kai, bingel am, ɗana, rabi za ka mayar. A'a, fiye da rabi. Sauran sai wani satin, wani kuma bayan shi."

"Baba, ina da makaranta fa. Me zai hana a gama yau?"

"Ka san ranar da kogi zai saki ƙasa?"

"A'a."

"Ni ma ban sani ba, kakanka ma bai sani ba. In ya janye da wuri, na farko ya kai dashe. In ya yi nauyin jiki, na farko ya tsufa, a ba shanu, na baya ya yi daidai. Ba a zuba iri duka rana ɗaya."

Na tsaya da kwano a hannu, raina ya soma tafasa.

"Wato duk shekara kana kasada da Binuwai, wanda bai taɓa yi maka alkawarin komai ba, amma likita ce ba za ka yarda da ita ba?"

"Ni ba na ba kogi irina duka."

"Ita ma ba ta ce ka ba ta duka ba! Ido biyu gare ka. Ba ta na dama, wanda ba ya tsinana maka komai. Na hagun ka riƙe abinka."

Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba, har na tsorata da kaina. Ya shiga murza ƙwayar iri tsakanin yatsunsa. Can ya ce in mayar da sauran irin cikin buhu in ɗaure bakinsa da kyau saboda gara. Zan hau babur ya kira ni, ya tambaya ko matar nan ta Numan tana zama ranar Litinin.

An yi aikin idon dama. Da aka cire bandeji ya ce yana ganin haske amma kamar ta cikin ruwan koko, likita ta ce ya yi haƙuri, zai washe a hankali. Ta hana shi ƙura da sunkuyo, don haka na ajiye shi a Damilu yana ɗiga magani yana faɗa da jikokinsa a kan rediyo. A shekarar kogi ya yi jinkiri. Irin farko ya tsufa, shanu suka ci, na tsakiya ne ya dace. Ni na tsaya a kan dashe, ni na ja igiyar layi, 'yan ƙwadago suna huda ƙasa suna zuba ruwa.

Da ya koma a duba shi, likita ta ce, "Baba, yaushe za mu yi na hagu?"

"Bayan girbi," in ji shi. "Na hagun iri na biyu ne."

Daga asibiti ya ce gona za mu. Masakwa ta kama, ta yi kore shar. Ya sauka daga babur, na miƙa masa sanda, ya ture hannuna. Ya rufe idon hagu da tafinsa, ya daɗe yana duban karal daga wannan gefe zuwa wancan. Ban san iya abin da yake gani ba.

"Tica."

"Na'am, Baba."

"Wa ya ja layin can na ƙarshe, kusa da giginya?"

Na duba. Giginyar tana da nisa, ni kaina sai da na ƙanƙance ido.

"Ni ne."

"Tafiyar maciji ke nan ko layi? Da kuɗina na kai ka makaranta!"

Na juya masa baya kamar ina gyara igiyar babur, hawaye suna zuba. Shi ko a jikinsa, ya riga ya shiga gona yana nuna mini na kusa da shi, wai shi ma a karkace yake.